Aikin oda ko gamammen kaya? Tambayoyin da masu sana'a ke yawan kawo mani a Zariya

Ni dai ba malamin jami'a ba ne, in faɗa tun yanzu. Na tashi ne a gaban keken ɗinki wajen maigidana a Tudun Wada, daga baya na koma aikin surfani na kwamfuta da buga riguna a Sabon Gari, to kusan kullum sai wani ya zauna kan bencin ƙofar shago ya jefo tambaya, wani tela ne, wani kafinta, wani mai walda, har da masu makarantu da ke zuwa a yi masu yunifom. Tambayoyin iri ɗaya ne suke ta dawowa shi ya sa na tara su wuri guda tare da amsar da nake bayarwa. Wata amsar doguwa ce, wata kuma layi uku ta ƙare.

Wai mene ne sabo a aikin oda, ba abin da muka gada ba ne?

Shi ne mana. Mu nan ai da oda muka fara, gamammen kaya ne baƙo. Babbar rigar da ake ma aska takwas ko aska biyu a cikin birni, takalmin da baduku zai auna ƙafarka ya yi, gadon amarya, get ɗin gida, duk sai mai shi ya zo ya faɗi yadda yake so kafin a taɓa almakashi ko zarto. Abin da ya canza shi ne yanzu mai oda yana son abu ya fito daidai son ransa amma kuma da sauri da arha irin na kayan Kantin Kwari ko takalmin Aba, don ya gani a waya kuma ya san farashi. Turawa sun daɗe da ba wannan suna, tun 1987 wani Ba'amurke Stan Davis ya fara maganar yadda kamfani zai ƙera ma kowa nashi amma a kuɗin kayan da ake yi dubu-dubu. Su sun taso daga masana'anta suna neman koyon abin da tela ya iya, mu kuma mun taso daga tela muna neman koyon tsarin masana'anta. A tsakiya ake haɗuwa.

To wanne ya fi riba, in jira oda ko in ƙera in ajiye?

Kowanne da irin ciwon kansa. In ka ƙera ka ajiye, kuɗinka ne a kwance a shago, ƙura na hawa, yayi na wucewa, kujerun da ka yi bana baɗi a ce tsohon yayi ne. In ka jira oda, kuɗinka bai kwanta ba amma lokacinka ne ke tafiya, kuma abin da aka yi ma mutum ɗaya in ya ƙi karɓa ba lallai ya shiga wani ba. Rigar da aka rubuta sunan wani a ƙirji wa za ka sayar mawa?

Ribar kowane guda ta fi yawa a oda, wannan gaskiya ne, amma guda nawa za ka iya yi a wata? Nan mutane ke ruɗewa. Ni shawarar da nake bayarwa, ka duba littafinka na shekara ɗaya, abin da aka fi maimaita nema shi za ka riƙa yi kana ajiyewa, saura ka bar su sai an zo. In ba ka da littafin ma to matsalarka ta farko kenan, ba wannan tambayar ba.

Har ina zan bar kwastoma ya sa baki a aikin?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, duk sauran 'ya'yanta ne. Ko wane aiki yana da matakai, a ɗinki akwai zaɓen yadi, awo, yanka, haɗi, aikin wuya, guga. Tambayar ita ce a wane mataki ne son ran mai kaya zai shigo. In tun daga matakin farko ya shigo, to kowane aiki sabon aiki ne, yaranka ba za su taɓa samun sauri ba don kullum suna koyon sabon abu. In sai a matakin ƙarshe ya shigo, to duk na baya za ka iya yinsu da yawa lokaci guda, cikin natsuwa, a ranakun da babu kasuwa.

Ka dubi masu fenti. Ba wanda ke ajiye bokiti ɗari biyu kala-kala, farin ake ajiyewa da 'yan kwalaben launi, ka zo ka nuna wanda kake so a haɗa maka nan take. Kamfanin Benetton na Italiya da wannan dabarar ya yi suna, sauran kamfanoni suna rina zare sannan su saƙa rigar sanyi, su kuma suka juya abin, su saƙa rigar ba launi su ajiye, sai sun ga kalar da kasuwa ke ja sannan su rina. HP ma sun yi haka da firintocinsu, injin iri ɗaya ake turawa ko'ina, sai ya isa ma'ajiyar yankin da za a sayar sannan a sa mashi irin abin wutar ƙasar da takardar bayani cikin harshensu.

Mu ma muna da namu. Maigidana Allah ya ƙara mashi lafiya, tun watan Sha'aban yake yanka jikin kaftanin yara girma huɗu na farar shadda da ruwan toka ya haɗa ya jera a kwali, ba wuya ba aljihu. In uba ya zo cikin azumi da 'ya'ya uku a baya, abin da zai zaɓa kawai aikin wuya ne da kalar zare da tsawon hannu, kwana biyu ya dawo ya karɓa, kuma shi a ransa ɗinkin oda aka yi mashi, kuma gaskiya ne ai ba ƙarya aka yi ba. Lokacin ina yaro na ɗauka ragwanci ne ko rashin iya dizain, sai da na buɗe nawa shagon na gane dalilin da ya sa shi yake barci daren Sallah mu kuma muna kwana kan keke ido ja.

Kafinta ma haka, ƙashin wadirof da faɗin gado ba sa canzawa sosai, fuskar ce ke canzawa, ƙofofi da mariƙi da kalar fomaika da allon kai. Mai walda zai iya tsaida girman taga uku da ƙofa biyu, adon jiki ne kowa zai zaɓi nashi. Ka tsaida na ciki, ka sake na waje.

Ba gara in ba mutum zaɓi mai yawa ba don ya ga na iya?

A'a, yawan zaɓi gajiyar da mutum yake. An taɓa gwadawa a wani kanti a Kalifoniya, Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa sakamakon a 2000, an jera jam kala 24 wani lokaci, wani lokaci kala 6. Mutane sun fi tsayawa kallo wajen mai 24 amma kusan 3 cikin 100 ne suka saya, wajen mai 6 kuwa kusan 30 cikin 100. Ba a kowane kaya ake ganin haka ba, amma duk wanda ya taɓa miƙa ma amarya da ƙawayenta waya mai hoton gado ɗari uku ya san zancen, la'asar za ta yi ba a zaɓa ba, gobe kuma a bugo a ce an canza.

Kuma ka yi lissafi, wuya iri 5, hannu iri 4, aljihu iri 3, zare kala 6, in ka ninka su riga iri 360 kenan, alhali abu 18 kacal yaranka za su ƙware a kai. Ya ishi kowa.

Sai dai kar ka wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Henry Ford ya fito da Model T a 1908, daga 1914 zuwa 1925 baƙa kawai yake yi, motar ta yi arha ta sayu ba kaɗan ba, amma da mutane suka fara son bambanci General Motors suka zo da motoci iri-iri gwargwadon aljihun kowa suka janye kasuwa, a 1927 dole ya daina Model T ɗin.

Yaya zan yanka kuɗin aikin oda? Kullum sai in ga na yi aiki amma ba kuɗi.

Saboda kana lissafa yadi da zare da ladan hannu, ka manta da abu biyu. Na farko kuɗin shiri. A buga riga da allon siliki, wahalar haɗa allon ɗaya ce ko riga ɗaya za a buga ko ɗari biyu. A ce shirin ya ci naira 10,000, in riga 10 ce kowacce ta ɗauki 1,000, in 200 ce kowacce ta ɗauki 50. Haka zana tambari a kwamfuta kafin inji ya ɗinka shi. To ka raba kuɗin gida biyu a gaban mai kaya, ga na shiri ga na kowane guda, in ka yi haka shi da kansa zai ƙara yawan odar ko ya haƙura da wani canjin.

Na biyu kuɗin magana. Awa ɗaya da rabi da ka yi kana nuna hotuna, saƙon murya goma sha biyu da aka turo cikin dare, zuwa gidan har sau biyu don auna ɗaki a Hanwa ko Palladan da man mashin ɗinka, duk aiki ne. Ba na cewa ka rubuta ma Hajiya "kuɗin surutu" a rasit, za ta ce ba ka da kunya, amma ya shiga cikin farashin.

Sannan tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, ba mai hankalin da ke ba da farashi ba wa'adi. Ni a ƙasan kowace takarda ina rubuta kwanakin da farashin zai yi aiki, in sun wuce ba a kawo kuɗi ba sai mu sake zama.

Kafin alƙalami fa? Nawa zan karɓa, kuma ya halatta in riƙe in mutum ya fasa?

A ƙa'idata kuɗin da za a fara bayarwa ya sayi kayan aikin gaba ɗaya, don in mutum ya ɓace ladana kawai na rasa ba jarina ba.

Ɓangaren addini kuwa, malamai sun yi maganar wannan ciniki tuntuni, sunansa istisna'i, wato ka sa a ƙera maka abin da babu shi yanzu. Hanafawa ne suka fi faɗaɗa shi, a Malikiyya ana shigar da shi babin salam inda ake ba da kuɗin tun farko. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1992 ta ce ciniki ne mai ɗaure ɓangarorin biyu in an bayyana irin abin da yawansa da siffarsa da ranar gamawa, kuma ana iya jinkirta kuɗin ko a biya kashi-kashi, har ana iya sa sharaɗin tara in an saɓa. Ka lura da sharuɗɗan nan, irin abu, yawa, siffa, rana, su ne dai abubuwan da rashin rubuta su ke kai mu gaban mai unguwa.

Cinye kafin alƙalami kawai don mutum ya fasa kuwa akwai saɓani, Imam Malik bai yarda ba, Imam Ahmad ya yarda. Ni abin da nake yi, in ban taɓa komai ba in mayar mashi da kuɗinsa, in na riga na yanka to mu lissafa abin da aka kashe. Don hukunci sai ka je wajen malaminka, Zariya ba ta rasa su ba.

Wani abu kuma da teloli ba sa son ji, a Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su, in shaddar mutane ta ɓace a shagonka ko ta ƙone a guga kai za ka biya sai in akwai shaidar ba sakacinka ba ne.

In na gama ya ce ba haka ya ce ba?

Wannan ta taɓa ci na, bari in ba ka labari. Wata Hajiya ta ba ni aikin anko, mayafi 40, za a yi masu fure a gefe da zare "ruwan goro", ta turo hoton ta WhatsApp. Na duba a wayata na ɗauko zaren da ya yi kama, muka kwana biyu inji na gudu da janareta. Ranar karɓa ta ɗaga guda ɗaya a hasken ƙofa ta yi shiru, sannan ta ce "Malam wannan ai ruwan lemo ne." Ta miƙo tata wayar na ɗora kusa da tawa, wallahi hoto ɗaya ne amma kala biyu, tata ta fi duhu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Sati guda ya rage biki, na sayi wasu mayafan da kuɗina, na farkon nan har yau akwai saura a ƙasan kanta.

Tun daga ranar, kala ba a waya ake zaɓa ba a shagona. Ina yanko ɗan zaren in manna shi da sitefila a shafin littafi kusa da sunan mai kaya, ya sa hannu a ƙasa. In aikin ya wuce guda goma sai na yi ɗaya ya gani ya ce to. In rubutu ne, shi zai rubuto da hannunsa, musamman rigunan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) masu gama karatu da kowa ke son laƙabinsa a baya, harafi ɗaya ya kauce an gama. Gyara sau ɗaya kyauta, na biyu da kuɗi, kuma tun farko ake faɗa ba sai rai ya ɓaci ba.

In sayi injin surfani na kwamfuta ko in tsaya kan aikin hannu?

Kar ka sayi inji don maƙwabcinka ya saya. Inji yana son aiki mai maimaituwa, bajon makaranta, tambarin kamfani, wuyan kaftani iri ɗaya guda hamsin. Yana kuma son wuta tsayayya da mai gyara a kusa da kayan gyara, in allon cikinsa ya ƙone kana iya wata kana jira. Kafin ka saya ka yi wata shida kana kai aikin wajen mai inji kana biya, ka rubuta nawa kake kai mashi, in kuɗin ya kai ya riƙe inji da mai da yaron da zai kula da shi, to bismillah.

Aikin hannu kuwa kasuwarsa daban ce, kuma a ganina kuskure ne mai shi ya ce zai yi tsere da inji wajen arha. Babbar rigar da aka yi wata biyu ko uku ana mata aiki a zaure ko a cikin gida wajen mata a birni, wanda zai sa ta ranar Hawan Daushe ya san abin da ya saya kuma ba ragi ya zo nema ba. Matsalar ita ce kuɗin na tsayawa a hannun dillali, mai allurar kuwa abin da ke isa gare ta bai taka kara ya karya ba. Wanda zai shiga wannan harka ya gyara nan, in ba haka ba yaran gidan ba za su koya ba.

Manyan kamfanonin duniya da suka gwada, sun ci riba?

Wasu sun ci wasu sun ƙone hannu. Michael Dell ya fara a 1984 daga ɗakinsa na jami'a a Texas, kai za ka faɗi irin kwamfutar da kake so ka biya sannan a haɗa, kuɗin mai saye na shigowa kafin a kashe, ya yi shekaru yana cin kasuwa, amma da kwamfuta ta yi arha mutane suka fi son su shiga kanti su ɗauka, a 2007 shi ma ya kai kayansa kantunan Walmart. Levi's sun fara ɗinka ma mata wandon jins bisa awonsu a 1994, cikin kusan shekara goma suka naɗe tabarmar shirin. Nike kuwa tun 1999 suke barin mutum ya zaɓi kalar takalmi ya sa sunansa kuma har yanzu suna yi, amma ka lura ƙirar takalmin da girmansa nasu ne, fuskar kawai suka sakar maka. Mafi wayo a ciki Coca-Cola, sun fara buga sunayen mutane a kwalba a Ostireliya a 2011, abin ya iso Najeriya a 2015, mutane na ta tona firij suna neman sunansu, alhali lemon ciki ko ɗigo bai canza ba.

Lokacin Sallah ko siyasa oda na yin yawa, in karɓa duka?

Kar ka karɓa. Ka san guda nawa shagonka ke fitarwa a rana in komai lafiya, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda wuta da rashin lafiya da yaron da zai tafi ƙauye ba sallama, abin da ya rage shi ne iyakarka. In littafi ya cika ka rufe, ko da goma ga azumi ne. Wanda ka ce ma "Alhaji ka yi haƙuri na cika" zai ji haushi na kwana ɗaya, baɗi ya zo da wuri. Wanda ka karɓa ka sa 'ya'yansa suka je idi da tsohon kaya, har jikokinsa sai sun ji labarinka.

Aikin siyasa kuwa kalma ɗaya ce, kuɗi a hannu duka kafin inji ya tashi. Hula da riga mai hoton ɗan takara washegarin zaɓe ko tsumman goge mota ba kowa ke so ba.

Ni ba mai ƙerawa ba ne, mai saye ne. Ina da makaranta, in sa a rubuta mana manhajar sakamako tamu ko in ɗauki wadda ake haya?

Yallaɓai fara da tambayar kanka, abin da makarantarka ke yi ya bambanta da na sauran da gaske, ko dai sabo ne kawai? Haɗa maki da fitar da matsayi da rasit ɗin kuɗin makaranta kusan iri ɗaya ne ko'ina, to a nan gamammiya ta fi, don makarantu da yawa sun riga sun gano kurakuranta an gyara. Inda oda ke da amfani shi ne abin da babu shi a kasuwa, kamar Islamiyya mai son bin haddar kowane yaro shafi-shafi tare da darussan boko a takarda ɗaya.

In ka yanke za a rubuta maka, to ka sani ba ranar da aka miƙa maka ake gamawa ba, ranar ake farawa. Na ga wata makaranta da wani ɗalibi haziƙi ya rubuta masu manhaja mai kyau da arha, ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa ya canza layi, ranar da abin ya tsaya ana saura kwana uku a ba da sakamako ba wanda ya san ko kalmar sirrin shiga, malamai suka koma biro da kalkuleta. Don haka a rubuta tun farko, wa ke da asalin rubutun manhajar, da sunan wa aka yi rajistar adireshin intanet ɗin, nawa ne kuɗin kula duk shekara, kuma za ka iya fitar da bayanan ɗalibanka zuwa Excel duk ranar da ka so. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya wanda ya ƙirƙiri abu shi ke da shi tun farko sai in an yi yarjejeniyar akasin haka, biyan kuɗin aiki kaɗai bai isa ka ce naka ne ba.

Injin casa ko na niƙa fa, in sa a ƙera mani ko in sayi na kamfani?

Ƙira ta gida tana da daɗi, za a yi maka daidai amfanin gonarka da ƙarfin injin da kake da shi, masu ƙira a nan da na Panteka a Kaduna sun iya, kuma cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru sun daɗe suna fitar da samfurin injinan noma da suka dace da ƙasarmu. Sharaɗi ɗaya nake ba mutane, jikin ya zama na oda amma duk abin da ke cinyewa, boris da bel da fule da kusoshi, ya zama irin wanda za ka shiga Sabon Gari ka samu yau. In maƙerin ya sa wani abu da shi kaɗai ya san girmansa, ka zama nashi har abada, kuma injin casa da kaka yake lalacewa ba da rani ba.

Awon mutane da hotunansu da ke wayata, akwai matsala?

Akwai. Littafin awon nan shi ne dukiyar shagonka, shi ke sa mutum ya turo yadi daga Abuja ba sai ya zo ba, kuma shi ke sa ya yi nauyin komawa wani wuri. To amana ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, amma ko ba doka, ɗora hoton matar mutane a Facebook ko Instagram don tallar ɗinki ba izininta ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Ka ɗauki kayan a jikin mutum-mutumi ko a rataye. Kuma ka ajiye kwafin awon a wuri na biyu, waya na faɗawa ruwa.

Wani babban kwastoma ya ce in bar kowa in riƙa yi mashi shi kaɗai.

Daɗinsa a fili yake, aiki ba yankewa, ba ciniki da mutum ɗari. Amma sannu a hankali za ka sayi zarensa, ka saita injinka kan aikinsa, tsofaffin mutanenka su watse, ranar da ya ce a rage farashi ko a jira kuɗi sai wata uku ba ka da bakin musu. In makaranta ce, sabon shugaba na zuwa da nashi telan. Ni ba na barin mutum ɗaya ya wuce rabin aikin shago komai daɗin kuɗinsa, kuma in zai sa ni sayen wani abu da shi kaɗai ke amfani da shi, kamar yadin yunifom mai kalar da ba kowa ke nema ba, to shi zai saya ya kawo.

Yarona da na koya ma aiki ya buɗe nashi ya kwashe dizain ɗina da rabin kwastomomi, me zan yi?

Dizain ɗin kaftani dai ba ka da yadda za ka yi, ranar Juma'a ɗaya za a gani a masallaci a ɗauka a waya, kai ma ai a jikin wani ka fara gani. In wani abu ne sabo fil da kake son ƙerawa da yawa, kamar sabuwar ƙirar takalmi ko murhu, ana rajistar zane a ofishin rajistar zane da tambarin kasuwanci na ma'aikatar ciniki a Abuja, kuma kafin ka fito da shi kasuwa ake yi ba bayan kowa ya gani ba.

Yaron kuwa da ma tafiya zai yi, kai ma ka bar naka maigidan. Abin da ya fi shi ne ka yaye shi da hannunka, ka yi mashi addu'a, in da hali ka ba shi tsohon keke, sannan in littafinka ya cika da azumi ka tura mashi ragowar aikin kuna raba ladan. Nawa na farko yanzu yana Samaru wajen ƙofar jami'a, duk aikin buga riga ɗaya-ɗaya na ɗalibai da ba ya biya na can nake turawa, shi kuma in ya samu bajon makaranta guda ɗari uku sai ya ɗauko a mashin ya kawo mani don injin surfaninsa mai kai ɗaya ne.